Kai yaro naíonra: tambayoyin iyaye Hausawa mazauna Ayilan da amsoshinsu

Tun ranar da aka ji autata tana rera waƙa a wajen wani taron suna a Dublin, da harshen da ba Hausa ba kuma ba Turanci ba, wayata ba ta huta ba. Masu kira yawanci iyaye mata ne da yaransu suka doshi shekara uku. Akwai ɗaiɗaikun iyaye maza, su kuwa tambayarsu ba ta wuce ɗaya: me yaron zai ƙaru da shi? Yara biyu na kai irin wannan makaranta, kuma a kan na farkon na yi wani kuskure da ba na so kowa ya maimaita. Ga tambayoyin kamar yadda ake yi mini su.

Wai mece ce naíonra ɗin nan?

Nazare ce, ta yara 'yan kusan shekara uku zuwa biyar, amma komai a cikinta da harshen asalin ƙasar ake yin sa. Masu harshen suna kiransa Gaeilge, da Turanci kuma ana cewa Irish. Naíonra ana furta ta kamar "ninra", jam'inta naíonraí. Malamar da ke jagorantar ajin ana ce mata stiúrthóir.

Ba a zaunar da yaro a ce yau za a koyi Gaeilge. Wasa ake yi da yashi da ruwa da fenti, a yi waƙa, a ci abinci, a fita tsakar gida, malama kuwa ba ta sauya harshe. Tsarin suna kiransa tumoideachas, wato ilimin tsunduma: a tsoma yaro cikin harshen har ya jiƙa. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan Inyamuri ko ɗan Bayarabe da aka haifa a Sabon Gari yana zuba Hausa kamar ɗan Fagge ya san yadda abin yake aiki, domin shi ma ba a aji ya koya ba.

An buɗe naíonra ta farko a garin Shannon a 1968. Yau ƙungiyar Gaeloideachas ce ke tallafa wa waɗanda ke wajen yankunan masu harshen, Comhar Naíonraí na Gaeltachta kuma tana kula da na cikin yankunan.

Ni tunda na zo ƙasar nan ban taɓa jin ana magana da shi a kanti ba. Ba mutuwa ya yi ba?

Bai mutu ba, amma ya sha wuya, kuma ba zan ɓoye muku cewa har yanzu yana jinya ba. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna iya Gaeilge, amma waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce dubu 72 ba. Mafi yawan wuraren da ya rage a bakin jama'a suna gaɓar yamma, a sassan Donegal da Mayo da Galway da Kerry da Cork, sai ƙananan yankuna a Waterford da Meath. Waɗannan wurare su ake kira Gaeltacht.

Yadda aka yi ya koma haka ya kamata kowane Bahaushe ya ji. Makarantun firamare da mulkin Birtaniya ya kafa daga 1831 da Turanci suke koyarwa. Sai babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira, kuma talakawan yamma masu harshen ne ta fi yi wa ɓarna. Daga nan iyaye da kansu suka fara ganin Gaeilge harshen talauci ne, Turanci kuma guzurin tafiya Amurka. A wasu wurare ana rataya wa yaro ɗan itace a wuya, duk lokacin da ya yi harshen uwarsa a yi masa tsaga, da yamma a ƙirga a hukunta shi. Ranar da na fara jin wannan labari sai da jikina ya yi sanyi, domin a firamarenmu akwai mai rubuta sunan duk wanda ya kuskura ya yi Hausa a aji.

Yau tsarin mulkin 1937 ya sa Gaeilge a matsayin harshen hukuma na farko, kuma daga 1 ga Janairu 2022 ya zama cikakken harshen aiki a Tarayyar Turai. Naíonra tana cikin hanyoyin da mutanen ƙasar ke bi su dawo da abin da ya kusa kuɓuce musu.

Mu ba ma jin ko kalma ɗaya. Za su karɓi yaronmu?

Za su karɓa. A birane mafi yawan iyayen da za ki tarar a bakin ƙofa 'yan ƙasa ne da ba su riƙe komai daga Gaeilgen makaranta ba sai gaisuwa. Malama za ta yi miki bayani da Turanci, saƙonni ma yawanci da harsuna biyu suke zuwa.

Hausa a gida, Turanci a waje, Larabci a Islamiyya, yanzu kuma ga na huɗu. Ba za mu ruɗa yaron ba?

Wannan ce tambayar da ta fi damun kowa, ni ma ta hana ni barci. Amma mu tuna daga ina muka fito. Yaron da ya tashi a Yola yana iya yin Fulatanci da kakarsa, Hausa da abokan wasa, Turanci a boko, ya kuma yi hadda a makarantar allo. A Damagaram ko Maraɗi sai a cire Turanci a sa Faransanci. Ba wanda ya taɓa kai irin wannan yaro asibiti don harsuna sun yi masa yawa. Da muka zo ƙasar da yawancin mutane harshe ɗaya suke yi a gida, sai muka fara ɗaukar abin da muka saba da shi a matsayin haɗari.

Abin da za ki gani shi ne gauraye. Ɗana ya taɓa ce mini, "Mama, ba ni uisce," yana nufin ruwa. Wata rana ya ce cótansa ya jiƙe, wato rigar sanyinsa. Ba ruɗewa ba ce, kalmar da ta fi kusa da bakinsa ya ɗauka, kamar yadda mu manya muke tsarma Turanci cikin Hausa ba tare da mun lura ba. Kafin ya shiga firamare ya san da wa ake yin wane harshe, har yana gyara wa ƙanwarsa.

Sai dai akwai harshe ɗaya da yake cikin haɗari na gaske a wannan lissafi, kuma shi ne Hausa. Turanci yana da talabijin da titi da maƙwabta. Gaeilge yana da makaranta da gwamnati. Larabci yana da malam da masallaci. Hausa ba ta da kowa a ƙasar nan sai ke da maigidanki. Na ga gidaje da dama da suka daina yi wa yara Hausa wai don kada harsuna su yi yawa, ƙarshenta yaron ya kai shekara goma ba ya iya gaida kakarsa a waya sai an fassara. Idan za ki kai yaro naíonra, ki ƙara riƙe Hausa a gida, kada ki sassauta. Malaman naíonra na kirki su ma abin da za su ce miki ke nan, domin su ne mutanen da suka fi kowa sanin abin da ke faruwa idan uwa ta daina yi wa ɗanta harshenta.

To Turancinsa fa? Ba zai koma baya ba?

Awa uku ne a yini, sauran awannin duka Turanci na kewaye da shi. Ko a cikin naíonra ɗin ma, idan malama ta juya baya, yaran da Turanci suke wasa a tsakaninsu. Tsarin tsunduma ba sabon gwaji ba ne: a Kanada an fara shi da Faransanci tun 1965, Wales na da irin nata, mutanen Maori a New Zealand suna da nasu tun 1982. Abin da aka sha gani shi ne harshen da ya mamaye gari ba ya cutuwa.

Inda zan ce a sa ido shi ne yaron da bai taɓa cuɗanya da masu Turanci ba sam, kuma firamaren Turanci za a kai shi. Shi a riƙa kai shi laburare da filin wasa. Katin laburare kyauta ne a ko'ina cikin ƙasar.

Nawa ake biya?

Idan naíonra ɗin tana cikin ECCE, shirin gwamnati na nazare kyauta, kuma yawancinsu suna ciki, ba a biyan komai na awa uku a yini, kwana biyar a mako, mako 38 a shekara, daga Satumba zuwa Yuni. An fara shirin a 2010, daga 2018 kuma kowane yaro yana da damar shekara biyu. Ba a duba albashin iyaye. Gwamnati ce ke biyan makarantar kai tsaye, kuɗin ba ya bi ta hannunki.

Ana iya neman ki ajiye kuɗin riƙe gurbi, wanda ake mayar miki bayan an kammala rajistar yaron a shirin. Ki karɓi rasit. Wasu kuma suna da ƙarin abubuwa na ganin dama, kamar ƙarin rabin awa ko fita yawon buɗe ido. Na ganin dama ne, ba sharaɗin samun gurbi ba, kuma kina da ikon ki ce ba kya so.

Daga shekara nawa, kuma yaushe zan fara nema?

Dole yaro ya cika shekara biyu da wata takwas kafin a shiga Satumban da zai fara, kuma kada ya wuce shekara biyar da rabi a ƙarshen Yunin shekarar karatun. Hanya mafi sauƙi: ki ƙara uku a kan shekarar haihuwarsa. Wanda aka haifa a 2023, ko a Janairu ko a Disamba, zai iya farawa a Satumban 2026, ya yi shekara ta biyu daga Satumban 2027.

Neman gurbi kuwa kowace naíonra da tsarinta, babu wani ofishi guda da ke rabawa. Ke za ki kira ko ki je da ƙafarki. A Dublin da Cork da Galway guraben suna cika da wuri, akwai masu rubuta sunan yaro tun yana goye. Shawarata ki fara tambaya da zarar ya shekara ɗaya, ki kuma sa sunansa a wuri fiye da ɗaya. Jerin naíonraí yana shafin Gaeloideachas na intanet, kuma kowace gunduma tana da kwamitin kula da rainon yara wanda zai gaya miki na kusa da ke.

Abin da za a nema: lambar PPS ta yaron, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mutum don harkokin hukuma, shaidar ranar haihuwa, bayanin alluran rigakafin da aka yi masa, sunan likitansa, da sunayen mutanen da kika yarda su ɗauko shi. Wannan na ƙarshen ki ɗauke shi da muhimmanci. A gida kowace maƙwabciya tana iya ɗauko miki yaro, a nan kuwa wanda sunansa ba ya cikin takarda ba za a ba shi ba, ko da ƙanwarki ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ki tambaya kuma ko suna son yaro ya iya zuwa ban-ɗaki da kansa kafin ya fara, domin da yawa suna so.

Awa uku kacal? Ni fa ina aikin asibiti.

Nan ne babbar matsalar take, kuma ba ni da maganin da zai gamsar da kowa. Yawancin naíonraí na safe ne kawai, daga wajen tara zuwa sha biyu, wasu suna da zangon rana. Masu riƙe yara yini guda da Gaeilge ba su da yawa. Shirin NCS na tallafin kuɗin raino, wanda gwamnati ta fara a 2019, yana rage kuɗin ƙarin awanni a wuraren da suka yi rajista, amma ba zai samar miki wanda zai ɗauko yaro da tsakar rana ba. Mu da wata maƙwabciyata karɓa-karɓa muka yi. Idan babu yadda za a yi, nazaren Turanci ta yini guda ba laifi ba ce, kuma yaro zai iya shiga firamaren Gaeilge ba tare da ya taɓa taka naíonra ba.

Me suke yi a cikin awa ukun?

Za a tarbe shi a ƙofa, ya rataye rigarsa a ƙugiya mai hotonsa. Sai wasan da ya zaɓa, sai zaman da'ira inda ake waƙa da duba yanayin gari, sai cin abin da ya zo da shi, wanda suke kira lón, sai fita waje ko da yayyafi. Ki sayi takalmin roba da rigar ruwa, domin a ƙasar nan idan za a jira ruwa ya ɗauke ba za a taɓa fita ba. Manhajar da suke bi ita ce Aistear, wadda duk nazaren ƙasar ke bi tun 2009, kuma a kan wasa aka gina ta. Kada ki jira a ba shi aikin gida ko a sa shi rubuta ɗaya zuwa ɗari. A ƙa'idar shirin, babba ɗaya ba ya riƙe yara fiye da 11, aji kuma ba ya wuce 22.

Sirrin abin maimaici ne. Jimla ɗaya a lokaci ɗaya kullum: suigh síos idan za a zauna, maith thú idan ya yi abin kirki, slán idan za a tafi. Malama tana nunawa da hannu da fuska. Idan yaro ya yi mata Turanci ba ta tsawata masa, sai ta maimaita abin da ya faɗa da Gaeilge ta ci gaba. Idan kuwa ya faɗi ya ji ciwo ko yana kuka, lallashi ne a gaba, da duk harshen da zai fahimta.

Wata biyu ke nan, ko kalma ɗaya bai zo da ita gida ba.

Ki kwantar da hankalinki. Fahimta ce ke riga magana. Yara da yawa suna yin makonni, wasu watanni, suna saurare kawai. Waƙa ce ke fara fitowa, yawanci a wajen wanka ko a bayan mota, sai kalmomi ɗaiɗai, sai jimlolin da aka haddace. Kada ki tsare shi a gaban baƙi ki ce ya yi musu yaren makaranta, hakan rufe masa baki yake yi. Kuma kada ki sa ran zai fito daga naíonra yana zuba kamar ɗan Conamara, yankin masu harshen a Galway. Tushe ake kafawa, ginin sai a firamare.

Idan kina son taimakawa, tashar TG4 tana da sashen yara mai suna Cúla4. Shafin teanglann.ie yana da muryoyin da za su furta miki kalma da karin harshe uku na ƙasar, abin da za ki buƙata domin rubutun Gaeilge ba ya karantuwa yadda ido ya gan shi. Harafin farkon kalma ma yana sauyawa: cóta riga ce, amma rigata mo chóta.

Batun addini fa? Na ji gaisuwarsu ma da sunan Maryamu a ciki.

Gaskiya ne. Gaisuwar gargajiya Dia duit ce, wato Allah ya kasance tare da kai, amsarta kuma Dia is Muire duit, an ƙara da Maryamu. Yawancin masu faɗa ba sa tunanin ma'anar, amma mu muna da dalilin tunani. Na gaya wa malamar yarana a fili, ba ta ɓata rai ba, yaran suka riƙa amsawa da Dia duit ko su ce conas atá tú, wato yaya kike.

Naíonra ba ajin koyar da addini ba ce, sai dai kalandar ƙasar tana shiga ciki: shigar dodanni a ƙarshen Oktoba, wasan Kirsimeti a Disamba, saƙa gicciyen ciyawa na ranar Brigid a 1 ga Fabrairu, ranar Patrick a 17 ga Maris, su biyun waliyyan Kiristocin ƙasar ne. Wasu kuma suna yin gajeriyar addu'a kafin cin abinci. Ki tambayi duk wannan tun ranar farko, ki faɗi abin da kika yarda da wanda ba ki yarda ba, tun ran gini ran zane. Ki kuma ba su labarin Sallah. Mu mun kai cincin aji bayan ƙaramar Sallah, malama ta sa yaran suka zana jinjirin wata.

Abinci da sauƙi tunda daga gida ake zuwa da shi. Ki rubuta a fom cewa ba ya cin naman alade da alawar da ke da gelatin, saboda ranakun bikin haihuwa. Su ma suna da tasu dokar: wurare da yawa sun hana gyaɗa kwata-kwata saboda yaran da take tayar wa ciwo mai tsanani, don haka ƙuli-ƙuli da duk abin da aka yi da tunkuza su tsaya a gida.

Yarona yana da jinkirin magana. Ya dace?

Yawan harsuna ba ya haifar da jinkirin magana, kuma yaron da ke da matsalar zai kasance da ita ko da harshe ɗaya ake yi masa. Amma kowane yaro da halinsa, don haka ki zauna da nas ɗin unguwa da mai gyaran magana da malamar naíonra kafin ki yanke shawara. Akwai shirin AIM, tun 2016, wanda ke ba makaranta tallafi don yaro mai buƙata ta musamman ya zauna cikin sauran yara, daga shawarar ƙwararru da kayan aiki har zuwa kuɗin ƙarin ma'aikaci a aji. Ba sai likita ya sa wa matsalar suna kafin a nema ba. Ku nema tare da makarantar tun kafin Satumba. Idan wani ya ce ki daina yi masa Hausa don ya yi saurin magana, ki nemi ra'ayin wani ƙwararren kafin ki amince.

Idan ya gama naíonra, kai tsaye zai wuce gaelscoil?

A'a, kuma nan ne na yi kuskurena. Naíonra ɗin ɗana tana cikin harabar wata gaelscoil, wato firamaren Gaeilge, sai na ɗauka gurbinsa a ajiye yake. Ban cika fom da wuri ba, muka ƙare a jerin masu jira, sai daf da buɗe makaranta aka kira mu.

Dokar shiga makarantu ta 2018 ta hana firamare fifita yaro don kawai ya yi wata nazare, har da naíonra. Abin da ta yarje wa makarantun Gaeilge shi ne su fifita yaron da ya riga ya iya harshen sosai, wanda ake tsoron zai rasa shi idan ba a ɗauke shi ba, kuma wannan ya fi shafar 'ya'yan gidajen da ake yin harshen. Sauran sharuɗɗa, kamar samun wa ko ya a makarantar, ko kusancin gida, kowace makaranta tana wallafa nata. Ba a fara karɓar takardun nema kafin 1 ga Oktoba na shekarar da ta gabaci shigar yaro, kuma wa'adin 'yan makonni ne. Ki sa ido a shafin makarantar tun daga Satumba.

Ki duba kuma wanda ke riƙe da makarantar. Kusan tara cikin goma na firamaren ƙasar suna ƙarƙashin cocin Katolika, amma a cikin makarantun Gaeilge akwai na Katolika, akwai kuma waɗanda ba su jingina da addini ɗaya ba. Ko a wacce, tsarin mulki ya ba iyaye ikon cire ɗansu daga darasin addini.

Idan firamaren Turanci zai je, ba ɓata lokaci aka yi ba?

Ba a ɓata ba. Gaeilge darasi ne da ake yi a makarantun gwamnati tun daga ajin farko har jarrabawar ƙarshen sakandare, kuma shi ne darasin da ba za mu iya taimaka wa yaranmu da shi a gida ba. Wanda ya fara da waƙa da wasa ba ya jin tsoronsa.

Maigida ya ce a gaya masa amfaninsa a aljihu.

A gaya masa cewa ba a zama malamin firamare a Jamhuriyar Ayilan sai da Gaeilge. Dokar harsunan hukuma ta 2021 ta sa burin kashi 20 cikin ɗari na sababbin ma'aikatan gwamnati su kasance masu iya harshen zuwa ƙarshen 2030. Hukumomin Tarayyar Turai suna ɗaukar masu fassara. Wanda ya rubuta jarrabawar ƙarshen sakandare da Gaeilge yana samun ƙarin maki a darussa da dama.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni ba ya cikin wannan lissafi. Yaranmu za su girma ana tambayarsu daga ina suke, ko da a asibitin Dublin aka haife su. Na ga wata tsohuwa a motar haya ta ji ɗiyata ta ce go raibh maith agat, wato na gode, ta juyo ta yi ta hira da ita da harshen da ni ban ji ba, idonta ya kawo ruwa. Ba na cewa harshe yana kashe wariya. Amma yarinyar ta sauka daga motar nan tana jin ƙasar tata ce.

Ba zai zama shi kaɗai ne baƙar fata a ajin ba?

Yana iya zama, ya danganta da unguwa. An daɗe ana zargin makarantun Gaeilge da cewa 'ya'yan baƙi ba su da yawa a cikinsu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin, ko da yake rabin dalilin shi ne mu ma ba ma nema, muna ɗauka ba namu ba ne. Ki je ki gani da idonki. Ki duba littattafai da 'yan tsanan da ke ajin, ki ga ko malama ta damu ta koyi furta sunan yaronki daidai.

Yaya zan gane mai kyau?

Ki tabbatar tana da rajista da Tusla, hukumar kula da yara da iyali. Rahoton binciken da suke yi wa kowace nazare yana intanet, kowa na iya karantawa. Sannan ki nemi ziyara lokacin da yara suke ciki, ki kasa kunne: da wane harshe malamai suke magana a tsakaninsu? Samun ma'aikatan da suka haɗa takardar rainon yara da ƙwarewa a Gaeilge yana da wuya, don haka akwai wuraren da sunan ne kawai naíonra, harshen bai wuce gaisuwa da waƙa biyu ba. Ki tambayi shekara nawa malaman suka yi a wurin. Inda ake yawan sauya ma'aikata, ƙaramin yaro ba ya samun natsuwa.

Mu a Belfast muke.

Tsarinku na Ayilan ta Arewa daban ne, na Birtaniya. A can an fi cewa naíscoil, shekarar da gwamnati ke biya ita ce wadda ta gabaci shiga firamare, kuma ta shafin hukumar ilimi ake nema a watan Janairu. Comhairle na Gaelscolaíochta da Altram, ƙungiyoyin da ke tallafa wa karatu da Gaeilge a can, su ne za ku tuntuɓa.

Muna so mu je gida mu daɗe. Za a riƙe masa gurbinsa?

Ki yi magana da makarantar kafin ki sayi tikiti. Idan yaro ya yi mako huɗu a jere bai zo ba, ba tare da uzurin da aka amince da shi ba, ana iya dakatar da kuɗin da gwamnati ke biya masa, makarantar kuma tana iya ba wani gurbin. Yuli da Agusta babu karatu, su ne lokacin tafiya mai tsawo. Mu a lokacin muke zuwa, kuma mako shida a gidan kaka, cikin 'yan uwa da ba sa jin Turanci, yana yi wa Hausar yarana abin da naíonra ke yi wa Gaeilgensu. Idan kun dawo a Satumba za ki ga kamar ya manta waƙoƙin ajin, amma cikin mako biyu suke dawowa. Ki rubuta wa malama ranar tafiya da ranar dawowa a takarda, ki riƙe kwafi.